Bayan Dajin, Wa Gare Ka?

Zuwa ga Yaya Auwalu,
a ƙasar Jamus.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, irin wadda ta wajaba a kan ƙane ga wansa, ina fatan wannan wasiƙa za ta same ka cikin ƙoshin lafiya da rufin asiri. Mutanen Bebeji suna gaishe ka, har da waɗanda gobe za su yi mini ƙorafin ban sanar da su zan rubuto ba.

Ni ne Salisu, ƙanenka uwa ɗaya uba ɗaya, mai digirin farko a fannin Labarin Ƙasa, wanda ya kammala bautar ƙasa a bana, yake kuma koyar da wannan fanni a wata makarantar sakandare a nan gari kafin Allah ya kawo babban aiki. Na gabatar da matsayina tun a muƙaddima domin ka tabbata cewa wanda zai yi magana a kan taswirarka ba ɗan kallo ba ne. Taswira sana'ata ce, a zauren jarrabawa na same ta. Manufata kuwa ɗaya ce tak, kuma ba zan ɓoye ta sai ƙarshen takarda ba: ina neman ka sake alƙiblar hutun da ka ɗauka, ka juyo da ita gida. In hakan ya gagara, ina neman ka faɗa da rubutu, saboda dalilin da zai bayyana a gaba.

Za ka yi mamakin ganin wannan magana a fili, inda kowa zai karanta. Laifinka ne. Na sha rubuta maka ta sirri, amsar da nake samu ita ce hoton babban yatsa. Tunda kuwa kai ma a fili ka baza taswirar tafiyarka, abokanka suna ta yabo da harshen da ba na ji, to a filin zan amsa. Abin da kawai na roƙi duk ɗan garinmu da ya karanta shi ne ya kama bakinsa, kada maganar nan ta tsallaka zauren gidanmu kafin amsarka ta iso.

Na yi nazarin taswirar da idon ma'abocin fanni, kuma adalci ya wajabta in ce ka tsara ta da hikima. Ka ƙaurace wa manyan titunan da motoci ke tsere a kai, ka zaɓi ƙananan hanyoyi masu lanƙwasa, masu hawa tudu su gangara kwari. Ka ce za ka fara da dajin da suke kira Baƙin Daji, inda itatuwa suka yi tsayi suka haɗe kai har rana ba ta taɓa ƙasa sai da ƙyar. Daga nan ka gangara bakin kogi, inda aka shuka inabi a jikin tsauni layi-layi kamar an yi wa ƙasar kitso. Ka ma zaɓi lokacin kaka, sa'ad da ganye ke juyewa ja da rawaya kafin ya zube. Na daɗe ina kallon hotunan, ba zan kuma ɓoye maka ba, na yi sha'awa har na ji ta a maƙogwaro. Na san abin da mutanen can ke matse inabin su yi da shi, na kuma san tarbiyyarka, don haka ban zo da zargi ba. Ka ce kallo ne zai kai ka, na gaskata.

Gyarana guda ɗaya ne. Jan layin da ka ja ya tashi daga ƙofar gidanka, ya yi zagaye, ya koma ƙofar gidanka. A ilimin da na karanta wannan sunansa yawon buɗe ido, kuma babu aibu a cikinsa. A ilimin Inna ba shi da suna, domin a wurinta babu irin wannan tafiya a duniya. Daga nan matsalar ta samo asali.

Ka san Inna. Kai ne ɗan farinta, tun ranar da aka raɗa maka suna bai taɓa fita daga bakinta ba. "Yayanku" take cewa, in ta so tsokana ta ce "wancan na Kiru", saboda can aka kai ka yaye wurin Gwaggo Ladi, yayar marigayi Baba, can kuma ka yi rabin ƙuruciyarka. In ka kira waya aka miƙa mata, iyakarta "Lafiya lau, Allah ya yi albarka", ta miƙo wayar kamar tana ƙona mata hannu. In aka kunna saƙon muryarka takan tashi ta bar wurin. Wannan duk ka sani. Abin da ba ka sani ba, saboda waya ba ta nuna shi, shi ne iyakar inda take zuwa in ta tashi: bakin ƙofar madafa, inda murya ke kaiwa sarai.

Ranar da ka aiko saƙon da kake bayanin hutunka, a tsakar gida na kunna shi, ƙanwarmu Hadiza tana tsefe kai. Ka ce ka samu hutu mai tsawo, za ka ɗauki hayar mota, ka ratsa daji, ka bi ta gonakin inabi. Inna tana bakin madafa, tana kankare wata tukunya da ta riga ta fita tas.

Washegari tana tsintar shinkafa a faranti, ba tare da ta ɗago ba, ta tambaye ni ko dajin da yayanmu zai shiga ya kai Falgore girma. Na gyara zama, na yi mata cikakken bayani a kan tsayin ƙasar, da yanayin ruwan sama, da nau'in itatuwa. Ta bar ni na kai aya. Sannan ta ce, "Bayan dajin, wa gare shi?" Na ce ba kowa. Ta ce gonar inabin fa, ta wani nasa ce? Na ce a'a. Ta jinjina kai, ta fitar da wata tsakuwa daga shinkafar, ta ce, "To, hanya ce ke nan." Na ɗauka ta fahimta. Ashe ta fahimci wani abu dabam.

Juma'ar da ta biyo ta tashi da sassafe ta soya waina faranti guda, ta aika masallaci, wai sadaka ce saboda masu ratsa daji. Ban kawo komai a raina ba. Sai ta sa aka kwashe buhunan masara daga ɗakinka na bakin zaure, ta ce gara ta fara taɓa su, alhali babu gara ko ɗaya, ni na ɗaga su. Sai aka kira mai yaɓe ya gyara bangon da damina ta zaizaye. Sai ga sabon asabari a ƙofar. Sai ta hana a yanka jan zakaran nan da ya ishe mu da cara, ta ce a bar shi ya ƙara nama. Ta aika Kiru a kawo daddawa irin ta Gwaggo, wadda kai kaɗai ne a gidan nan kake cewa ta fi ta kasuwa. Ta aika wa ƙanenta Kawu Sale a Doguwa ya ajiye mata zuma in ya sauke amya. A duk wannan hidima ba ta ambace ka ba ko da kuskure.

A nan ne na zauna na bi tunaninta daki-daki, kamar yadda ake bin kogi zuwa mafarinsa. A rayuwar Inna mutum ba ya tafiya sai da dalili mai suna: gaisuwa, ko biki, ko ta'aziyya, ko kasuwa, ko asibiti, ko aikin Hajji. Daji kuwa ba wurin zuwa ba ne, wurin wucewa ne, ana shigarsa da addu'a a fita da hamdala. Saboda haka mutumin da ya ɗauki hutu, ya nemi mota, zai ratsa dajin da ba shi da kowa a bayansa, ya wuce ta gonar da ba tasa ba, to wannan mutum a kan hanya yake. Mai hutu kuwa hanyarsa ƙarshe ɗaya gare ta. Yaya, na auna wannan hujja da duk abin da aka koya mini a jami'a, ban sami ɓarakar da zan shiga in rushe ta ba. Inna ta yi imani cewa dajinka da gonakin inabinka su ne hanyar da ake bi daga gidanka zuwa filin jirgi, kamar yadda mutumin Doguwa ba ya isa Kano sai ya ratsa Falgore.

Za ka ce me ya hana ta tambaye ka. Ba za ta iya ba, kai ma ka san ba za ta iya ba. Uwa ta buɗe baki ta tambayi ɗan farinta yaushe zai zo, a wurinta wannan tamkar ta fita titi ba mayafi ne. Za ka ce to ni me ya hana in gyara mata. Na gwada. Na zo da maganar har bakina, na same ta tana shanya sabuwar kuka a tabarma, tana watsa ta da tafin hannu a hankali, sai na tambaye ta ko akwai sauran koko. Domin in na ce mata ba zuwa za ka yi ba, na bayyana ke nan cewa na ga tana jira. Ita kuwa duk rayuwarta ta gina ta ne a kan kada a gani.

Akwai wata magana da ka taɓa yi mini a waya, wadda har yau take ci mini rai. Ka ce zuwanka da rashin zuwanka duk ɗaya ne a wurin Inna, ka yi dariya ka ce kai ai ɗan Gwaggo ne. Na san da wasa ka faɗa, amma na ji abin da ke ƙarƙashin wasan. Ka daɗe a cikin mutanen da uwa ke rungume ɗanta a tashar jirgin ƙasa ta kira sunansa da ƙarfi, ina tsoron ka fara auna shirun Inna da ma'auninsu. In haka ne, bari in ba ka shaidar gani da ido.

Ranar da za ka tafi, Gwaggo Ladi ce ta zo daga Kiru, ta yi kuka har mayafinta ya jiƙe, ta raka ka tasha tana riƙe da hannun rigarka. Inna ba ta ko leƙo zaure ba. Tana tankaɗen gari, ta ce "Allah ya tsare hanya" tana kallon kaji, kamar su za su yi tafiyar. Wannan shi ne abin da ka gani ka tafi da shi. Abin da ba ka gani ba ya faru ne bayan magariba, da aka kwashe tuwo. Malmala ɗaya ta yi saura a kwano, babba, irin taka. Hadiza ta tambaya ta wace ce, Inna ta ce, "Hannuna ne ya zarce." Hannun nan ya yi ta zarcewa har damina ta wuce, rani ya shigo. Ni na riƙa cinye ta da safe, ɗumame, shi ya sa kuka ga na yi kumatu a hotunan shekarar.

Ban kawo wannan don in ɗora maka nauyi ba. Na san kana aiki tuƙuru a ƙasar da rana ke rowa, na san hutun nan da guminka ka same shi, kana da haƙƙin ka kashe shi yadda ka so. Na ma fi kowa sanin inda sha'awar dajin nan ta samo asali, domin ina wurin aka haife ta.

Ka tuna tsohuwar fijon Baba, lokacin da yake jigilar fasinja tsakanin Kano da Doguwa? In an yi hutun makaranta yakan ɗauke mu, kai a gaba kusa da ƙofa, ni a kan cinyarka. A Tudun Wada yakan tsaya ya duba ruwa da taya, ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce, "Dajin nan ba a shigarsa da yamma, ba a kuma shigarsa kai kaɗai." Sai mu jira wasu motocin su taru. Da an shiga, fasinjoji su yi tsit, Baba ya ce a yi salati, ya taka mota. Kowa idonsa a gaba, kai kaɗai naka a gefe. Kana raɗa mini sunayen itatuwa suna wucewa da gudu: ga maɗaci, ga ƙirya, ga marke, ga kaɗanya. Wata rana birai suka tsallaka titi, uwa da ɗanta manne a ciki, ka roƙi Baba ya rage gudu, ya ce kai dai ba ka da hankali. Da muka fita ka ce mini, "Wata rana sai na ratsa daji a hankali, in tsaya inda na ga dama, babu mai ce mini in yi sauri."

Da na ga taswirarka, wannan maganar ce ta fara faɗo mini. Na ce Yaya ya sami dajinsa. Wallahi na yi maka murna kafin in yi wa kaina baƙin ciki.

Ka kuma tuna bakin ruwan Tiga, ranar da muka je sayo wa Baba kifi muka ɓata lokaci? Ka tsinci kara ka zana mini ƙasarmu a kan jiƙaƙƙen yashi. Ka ce nan ruwa, nan Kiru, nan Kwanar Dangora, wannan doguwar ita ce ke tafiya kudu. Sannan ka soka karan a wuri ɗaya ka bar shi a tsaye, ka ce nan gida, duk taswirar da ba ta da wannan ba ta cika ba. Ita ce taswira ta farko da na taɓa gani. Duk digirin da nake tinƙaho da shi daga wannan yashin ya tsiro. Ranar da aka yaye mu a jami'a na sa doguwar riga da hula mai igiya, na yi ta waige a cikin taro, alhali na san sarai inda kake.

Saboda haka, a matsayina na masani kuma ɗalibinka na farko, na tsara maka wata tafiyar a madadin taka, a lokaci guda, da kakar bana. Ita ma akwai daji, akwai ruwa, akwai tsauni.

Za mu tashi daga Bebeji da hantsi, bayan ka huta gajiyar jirgi ka ci zakaran da aka hana mu. A lokacin dawa ta yi kai, gero yana bushewa a tsaye, hanya tana ƙanshin ɗanyar gyaɗa. Mu fara da Tiga, ruwa ya cika ya batse bayan damina, masunta suna fitowa da karfasa tana wutsil-wutsil a cikin kwale-kwale. A soya mana a nan take, da yaji a takarda, mu ci a tsaye. Ina so in ga ko har yanzu kana iya zare ƙaya da harshe, ko cokali mai yatsu ya lalata ka.

Daga nan Kiru. A Kiru ba ni da iko da jadawali, domin Gwaggo Ladi ba ta san wani abu wai shi sauri ba. Ƙafafunta sun yi nauyi yanzu, da sanda take zuwa ƙofar gida, amma muryarta tana nan. Za ta yi guɗa har maƙwabta su fito, ta kira sunanka cikakke, ta tambaye ka ina matar, ta ce ka rame ko da ka yi ƙiba. Za mu kwana, ko muna so ko ba ma so.

Sai mu fita Kwanar Dangora mu miƙa kudu. A Tudun Wada mu tsaya inda Baba ke tsayawa. Masu turara shinkafa suna nan, tururi yana tashi daga manyan tukwane, an shanya ta a fili tana ɗaukar ido. Akwai sauran tsofaffin direbobi a tashar da za su dube ka su ce wannan ai fuskar wane ce, su yi wa Baba addu'a. Ni in na je ba sa gane ni, kamannin Inna na ɗauko.

Game da Falgore ba zan yi maka ƙarya ba, domin ilimi amana ne. Hanyarmu tana da ramuka, kuma har yanzu ba dajin da za ka tsaya inda ka ga dama ba ne. Da rana tsaka za mu shige shi, tare da wasu motoci, da salati, kamar yadda aka koya mana. Abin da zan iya yi maka alkawari shi ne ni zan tuƙa, kai ka zauna kusa da ƙofa, kuma in birai suka fito zan rage gudu. A ƙarshen damina dajin kore ne shar, ciyawa ta fi mutum tsayi, maɗatan nan da ka nuna mini suna nan ba su gusa ba. Ka sake faɗa mini sunayensu. Na san su da harshen littafi yanzu, amma ba su yi mini daɗi a baki ba kamar yadda ka raɗa mini su.

Bayan dajin kuma, Yaya, akwai wanda gare ka. Kawu Sale yana Doguwa, gemu ya yi fari, amyoyinsa suna rataye a kan ɗorawa. Iskar can da sanyi, masara ta fi ta ko'ina tsayi, in ka dubi kudu duwatsun Riruwai suna tsaye hazo-hazo, gajimare yana zama a kansu da safe. Inabi kam ba mu da shi. Muna da rake, wanda babu mai buƙatar ya kare kansa in an gan shi a gonarsa.

Ba na da'awar cewa tafiyata ta fi taka kyan gani. Na ga hotunan, na san iyakarmu. Fifikonta guda ne: a kowane zango akwai wanda zai fito da sauri yana gyara hula ko ɗankwali, ya ce lale, wa nake gani haka. Kuma in an ja layinta a takarda, tana farawa ta kuma ƙare a wurin da ka soka kara. Baƙin Daji yana nan baɗi, yana nan baɗin baɗaɗa, itatuwansa ba sa tsufa irin tsufan da nake gani a tsakar gidanmu. Inna yanzu sai ta dafa bango take miƙewa daga kujerar tsuguno. In za ta zura zare a allura Hadiza take kira. Ba ciwo take ba, alhamdu lillahi, kada hankalinka ya tashi. Shekaru ne kawai suke aikinsu, ba sa kuma jiran kowa ya gama yawo.

Inna ta ba da saƙo, ko da yake ba ta ce saƙo ne ba. Tana ɗaure bakin buhun kuka, ta ce wa bango, in mutum ya bi ta gonar inabi ai ya tambayi masu ita ko suna da zabibi, an ce yana da kyau a kunu. Na isar.

Yanzu ga abin da ya sa na sa wa'adi. Ranar Asabar ta farko a watan Satumba akwai suna a gidan Gwaggo Ladi, jikarta ce ta haihu kwanan nan, sun ɗaga ranar sunan saboda baƙi, kuma Inna za ta je da kanta. Hadiza ta ji tana cewa za ta roƙi Gwaggo ta zo Bebeji ta zauna mana da kaka. Ka san ma'anar wannan. Inna ba za ta iya tarbarka ba, sai ta ajiye wadda za ta yi guɗar a madadinta, ita kuma ta shige madafa ta saurara. Da zarar ta furta wa Gwaggo, magana ta fita: Kiru ta ji, Tudun Wada ta ji, Doguwa ta ji. In kaka ta zo ta wuce ba ka zo ba, kowa ya san Inna ta jira ɗan farinta, ta kuma jira a banza. Matar da ta ɓoye wannan abu tun kafin a haife ni, a tsufanta za a gan shi a fili. Wannan nake so in tare.

In za ka zo, ka rubuta. In ba za ka zo ba, ka rubuta, ka kawo uzurinka da kalmomi masu taushi, ka ambaci lokacin da kake sa rai, ni kuma zan nemi dabarar da zan sauke ta a hankali kafin ta hau motar Kiru. Ba zan yi fushi ba, ko in na yi zan haɗiye. Amma kada ka aiko da murya, domin muryarka tana korar ta zuwa bakin madafa, kuma abin da aka ji daga bakin madafa ne ya kawo mu nan. Kada ka aiko da babban yatsa. Rubutu nake so, wanda zan zauna a tsakar gida in karanta wa Hadiza da tawa muryar, da ƙarfi, a hankali. Ta haka Inna za ta iya zama inda take, tana tsintar wake, kamar ba da ita ake ba, ta ji kowace kalma.

Yaya, na fara wasiƙar nan da digiri, ga shi zan rufe ta ba ni da komai a hannu sai kewa. Ina kewar wanda zan yi wa musu ya ce mini rufe mana baki, ƙaramin malami. Ɗakinka yana ƙanshin sabon yaɓe. Nakan wuce in ɗaga asabarin in leƙa, ban san abin da nake nema ba.

Allah ya tsare ka a kowace hanya ka bi, ta daji da ta sarari, ta can da ta nan. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa. Allah ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, ya rufa mata asirin da ta daɗe tana rufewa, ya nuna mata abin da ba za ta taɓa roƙa da baki ba. Amin.

Ina jiran rubutacciyar amsarka, daga nan zuwa ranar Juma'a ta farko a watan Satumba, kafin a sauko daga masallaci. Kada ta wuce haka. Jiya da aka kwashe tuwo malmala ɗaya ta yi saura a kwano, babba. Babu wanda ya tambaya, amma ta ce hannunta ne ya zarce.

Ƙanenka mai biyayya, mai kuma jira,
Salisu,
Bebeji.